Tsintacciyar Mage a Gida Mai Kaji, Kare da Tantabaru: Tambayoyi da Amsoshi

Galibin kyanwoyin da ke gidajenmu ba sayensu aka yi ba. Wata yara ne suka ɗauko ta a bakin kwata, wata kukanta aka ji a kango bayan an ɗauke ruwa, wata kuwa ita ta hauro katanga ta ƙi tafiya. In gidan babu wata dabba, abin da sauƙi. To amma da wuya gida ya rasa kaji a tsakar gida, ko tantabaru a saman soro, ko akuya a turke, wani ma har da kare da tsohuwar mage wadda ta riga ta mallaki ko'ina. Ga tambayoyin da masu irin wannan gida suka fi yi, musamman in baƙuwar mai ƙiriniya ce.

An ce tsintacciyar mage ba ta mage. Anya za ta zauna kuwa?

Ya danganta da yadda ta taso. Abin da ke raba wadda za ta zauna da wadda za ta gudu shi ne ko ta saba da hannun mutum tun tana jaririya, tsakanin sati 2 zuwa 7 da haihuwa. Wadda aka ɗauka, aka shafa, ta ji muryar mutane a wannan ɗan tsakanin, ko ta daɗe tana yawon bola, in ta samu gida za ta natsu. Ba ta da wuyar ganewa: za ta tunkaro ka da jela a miƙe, ta goga kumatunta a ƙafarka, ta yi kuka tana kallonka. Wadda ta girma a kango ba ta taɓa sanin mutum ba kuwa, kulle ta a ɗaki azaba ce gare ta da mutanen gidan. Irin wannan a ajiye mata ruwa da abinci a gindin katanga, a ƙyale ta. Ita kuma mai wasan nan da ake kuka da ita, wasan nata albishir ne, don mage mai tsoro ko marar lafiya ba ta wasa.

Na ga 'yan jarirai ko ido ba su buɗe ba. In kwashe su?

Dakata tukuna. Sau da yawa uwar ta fita neman abinci ne, ko tana kan kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa wani wuri. In suna kwance cure da juna, cikinsu a cike, ba sa kuka, to suna da uwa. Barbaɗa toka ko garin tuwo kewaye da wurin ka yi nisa. In ka dawo bayan 'yan sa'o'i ka ga sawu, ka bar mata 'ya'yanta har su kai sati 8. Sai dai in suna cikin ruwa, ko rana, ko inda kare zai kai gare su.

In ta tabbata marayu ne, a fara da ɗumi kafin abinci, domin sanyi ya fi yunwa saurin kashe su, balle da hunturu. Idonsu kan buɗe wajen kwana 7 zuwa 10. Kafin sati 4 sai an ba su madara duk bayan awa 2 zuwa 3, dare da rana, suna kwance a kan cikinsu, sannan a goga musu ƙasan jela da tsumma mai ɗumi, don ba sa iya fitsari da kansu. Madarar shanu da ta gwangwani kan sa su gudawa; a nemi wadda aka yi domin kyanwoyi wurin likitan dabbobi.

Ranar da ta shigo gida, me zan fara yi?

A ware ta. Wannan shi ne abin da aka fi tsallakewa, kuma daga nan yawancin rigima ke farawa. A samu ɗaki guda mai ƙofa, ko sito ne, ko banɗakin da ba a amfani da shi, a ajiye ta ita kaɗai kamar sati 2. A sa mata kwali da tsohon zane a ciki don ta samu wurin ɓuya, kwanon ruwa, kwanon abinci, da tsohuwar roba mai faɗi cike da yashi a can nesa da abincin. Ba sai an koya mata ba, da ta ji yashi a ƙafarta za ta tona.

Dalili biyu ne. Na farko lafiya: magen titi kan zo da ƙuma, tsutsar ciki, mura mai sa ido ruwa, ko makero, wanda ke kama yara da sauran dabbobi. Wasu cututtukan ba sa nunawa sai bayan kwanaki. Na biyu kuma, dabbobin gidan suna buƙatar su ji warinta kafin su gan ta. A riƙa wanke hannu bayan an taɓa ta, kuma a hana yara ɗauko ta su zagaya da ita tsakar gida ana nuna wa kowa. Na san hana yara wannan ya fi komai wuya, amma a daure.

Dole ne sai na kai ta asibitin dabbobi?

Dole ne, kuma a cikin satin farko. Likita zai ƙiyasta shekarunta ta haƙora, ya ba da maganin tsutsa da na ƙuma daidai nauyinta, ya fara mata rigakafi. Allurar farko ana yin ta wajen sati 8 zuwa 9, a maimaita bayan sati 3 zuwa 4; tana kare ta daga murar kyanwoyi da wata muguwar cutar amai da gudawa mai kashe ƙanana cikin kwanaki. Ta haukan kare kuma daga wata 3. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, ga kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i kamar na Ahmadu Bello a Zariya, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, kuma a wurare da dama akan yi allura kyauta a lokacin.

Kada a yi wasa da wannan cuta don sunanta na kare ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya. Kusan duka ta cizon kare ake ɗauka, amma mage ma na ɗauka ta kuma yaɗa. In baƙuwar mage ta ciji wani ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ita kuma a tsare ta ana lura da ita kwana 10. Da alamomin cutar sun bayyana a jikin mutum, magani ya ƙare.

Muna da tsohuwar mage. Tun da ta ji warin sabuwar take huci a bakin ƙofa. Yaya za mu haɗa su?

Hucin ba laifi ba ne. Gidanta ne, ta san kowane lungu da warinsa, sai ga wani wari da ba ta sani ba. Mage da hanci take gane nata da bare, saboda haka ta hanci za a fara.

Ɗauki tsumma mai tsabta ka goga a kumatun sabuwar, daidai gindin gashin baki, ka ajiye shi kusa da inda tsohuwar ke kwanciya, ba a kan shimfiɗarta ba. Yi haka da wani tsumman daga tsohuwar zuwa sabuwar. Ranar farko wataƙila ta shinshina ta yi huci ta bar wurin. Ci gaba kullum. Ranar da ta shinshina ta wuce abinta, ko ta kwanta a gefensa, an ci rabin tafiya. Daga nan a riƙa ba su abinci lokaci guda, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ƙofa a rufe tsakaninsu, ana matso da kwanukan kusa da ƙofar a hankali. Sai a ɗan buɗe ƙofar faɗin yatsa biyu, a tokare ta da dutse, su ga juna ba tare da sun iya kaiwa ga juna ba. In suna ci suna kallon juna ba wadda ta bar kwanonta, a bar su su haɗu na 'yan mintoci kana tsaye, a raba su tun kafin rai ya ɓaci, gobe a ƙara.

Abu biyu kada a yi. Kada a riƙe su a haɗa musu hanci. Kuma kada a ce a bar su su daku don su san babba. Mage ba ta mantuwa da wanda ya ji mata ciwo, faɗa ɗaya kan rushe aikin wata guda. In an samu koma-baya, a koma matakin da ya gabata.

Wasu sati 2 sun ishe su, wasu sai an yi watanni. Wasu kuma har abada ba za su kwana a kwali ɗaya ba, sai dai kowa ya kama gefensa, wannan ma zaman lafiya ne. Kowace da kwanonta, robar yashi kuma a ƙara ɗaya a kan yawansu. Kuma a sa ido a kan tsohuwar fiye da sabuwar, don ita ce ba ta nemi wannan canji ba. In ta koma kwana a kan katanga, ko ta fara fitsari a kan katifa, ko tana yini a maƙwabta, an yi gaggawa. In ta kwana 2 ba ta ci ba a kai ta wurin likita, domin rashin ci na taɓa hantar mage. Namijin mage kuma in yana ta tsugunno fitsari ba ya fita, ba a kwana da wannan, sai wurin likita.

Ta yaya zan bambance wasa da faɗa?

Wasa ba shi da ƙara. Suna kokawa, wannan ta hau wannan, sai su juya, su tsaya su lashi jiki, su koma. Faɗa kuwa za ka ji ihu, ka ga kunnuwa sun kwanta baya, jela ta kumbura, gashi na tashi, kuma kullum ɗaya ce ke gudu. Kada ka sa hannu a tsakani. Tafa hannu da ƙarfi, ko ka zura faifai ko kwali a tsakaninsu.

Ni kaji nake kiwo. Za ta cinye min 'yan tsaki?

Tana iyawa, kuma gara ki ji gaskiya tun yanzu. Manyan kaji ba su da matsala; kaza mai 'ya'ya ma in ta baza fikafikai ta bi 'yar mage sau ɗaya, ta koya mata darasin da ba za ta manta ba. Zakara, agwagwa da zabi duk sun fi ƙarfinta. Haɗarin yana kan 'yan tsaki, daga ƙyanƙyasa har su kai girman tantabara.

Ki lura da ita in ta hango su. Za ta lafe ƙasa, kunnuwa gaba, baƙin idonta ya buɗe, bakin jelarta kaɗai ke motsi. Sai ta ɗan karkaɗa ƙugu, ta daidaita ƙafafun baya. Daidai abin da take yi wa murfin kwalba ke nan da safe kuna dariya. Wasan mage koyon farauta ne, a wurinta ɗan tsako da murfin kwalba duk abu ne mai motsi. Ba mugunta ba ce, kuma duka ba ya cire shi. Abin da duka ke koya mata kawai shi ne ta jira sai kin shiga ɗaki.

Maganin a wurin akurki yake. A yi wa kaza da 'ya'yanta keji mai ragar waya ƙanana-ƙananan ido, wadda hannun mage ba zai shiga ba, a rufe har sama. Dama can ana muzuru ana shaho 'yan tsaki ke girma, kejin zai tsare su daga duka biyun. In za a sake su su yi kiwo, a rufe magen a ɗaki na wannan lokacin.

Akwai kuma abin da ke rage farautar. Wani bincike da masana a Jami'ar Exeter ta Ingila suka fitar a 2021 ya nuna kyanwoyin da aka ba abinci mai nama sosai sun rage kamo dabbobi da kashi 36 cikin 100, waɗanda ake yi wa wasan farauta na minti 5 zuwa 10 kullum kuma da kashi 25. Ragi ne, ba dainawa ba. Sannan kada a jefa mata mushen kaza. Murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Najeriya tun 2006, tana kama kyanwoyi ta wannan hanya, tana kuma kashe su.

Tantabaru fa? Da aku, da zomaye?

Nan babu maganar sabo. Tantabara daidai bakin mage take, ɗakinsu kuma yawanci a sama yake inda hawa ba ya yi mata wuya. A rufe shi da daddare, a toshe duk wata kafa, a janye tsani, buhu ko icen da za ta taka. Kejin aku a rataye shi nesa da taga da kabad. Tsuntsun da mage ta kama, ko ba a ga jini sosai ba, yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu saboda ƙwayoyin cutar da ke bakinta, don haka a nemi likita da wuri. Babban zomo yakan kare kansa, 'ya'yansa ne abin tsarewa.

Muna da karen gadi. Da rana yana ɗaure, da dare a sake shi.

To daren ne abin tsoro. Har sai kun tabbatar da halinsa, magen ta kwana a rufe. Haɗuwar farko a yi ta da rana, bayan ya ci ya ƙoshi, yana ɗaure, wanda yake jin maganarsa na riƙe da shi. A bar magen a ƙasa ta zaɓi nisan da take so, kada a rungume ta a matso da ita, mai rungumar ne zai sha yakushi. In karen ya kalle ta ya kau da kai, a yaba masa, a ba shi ɗan abu. In ya ƙame, ya kafe ta da ido, jikinsa na rawa, ko an kira sunansa ba ya waiwaye, a raba su nan take. Ta samu wurin hawa a kowane gefen gida, kuma abincinta ya kasance a sama inda bakinsa ba ya kaiwa.

Kwikwiyo da 'yar mage in sun taso tare sukan shaƙu sosai. Karen farauta kuwa, wanda aka horar ya bi duk abin da ya ruga, ni ban yarda a bar shi da mage ba ko sun shekara tare.

Awaki da tumaki ba ruwansu da ita ko?

Faɗa dai babu. Amma a rufe buhun dusa, a hana ta kashi a cikin harawa. Kashin mage, musamman ƙarama, kan ɗauki wata ƙwayar cuta mai sa akuya ko tunkiya ɓari.

Ƙiriniyarta ta yi yawa. Tana cizon ƙafa, da asuba kuma ta hana kowa barci.

Asuba da magariba su ne lokacin farautar mage, shi ya sa. Samu kara, ɗaura zare, a bakin zaren ka ɗaura gashin kaza biyu ko uku. Ja shi a ƙasa yana nisantar ta, ya ɓuya bayan turmi, ya leƙo, ya tsaya cak, ya ruga. Bar ta ta kama shi lokaci-lokaci. Minti 10 bayan isha'i, sannan a ba ta abincin dare. Za ta ci, ta lashe jikinta, ta kwanta. In an gama a ɓoye zaren, don haɗiye shi na iya kai ta ga tiyata. Kada kowa ya yi mata wasa da yatsu ko ƙafa, yara ko manya. In ta ciji hannu, a tsayar da hannun, a tashi a bar ta. Kuma magen da ta gaji da wasa da mutane ba ta cika takura wa tsohuwar mage ba.

In na ƙosar da ita ai ba za ta kama ɓera ba?

Za ta kama. Yunwa daban, farauta daban. Ƙosasshiyar mage ta fi ƙarfi da haƙurin fako. Mai yunwa ita ce ke buɗe tukunya da shiga akurkin maƙwabta. Jikin mage nama yake buƙata, tuwo da shinkafa zalla ba sa riƙe ta. A ba ta dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, kayan ciki, dafaffen ƙwai, ko abincin kyanwoyi na kanti in da hali. Ban da miya mai albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini. Ban da dafaffen ƙashin kaza. Abincin kare ma bai ishe ta ba.

Wane magani ne bai kamata ya kusance ta ba?

Farasitamol. Ƙwaya ɗaya na iya kashe mage, kada a ba ta ko ɓari. Maganin kaska na karnuka da na shanu ma yawancinsa guba ne gare ta, har ta goga jiki da karen da aka shafa wa. Haka fiya-fiya, kalanzir da baƙin mai da wasu ke shafa wa dabba don ƙuma. In an fesa maganin sauro a fitar da ita sai ɗakin ya sha iska. Maganin ɓera kuwa a daina sawa gaba ɗaya, domin tana iya cin ɓeran da ya ci.

Surukata ta ce gashin mage na kawo tarin fuka, ga shi ina da ciki.

Tarin fuka ƙwayar cuta ce da ake ɗauka galibi daga tarin mai ita, gashin mage ba ya kawo shi. Abin da ke akwai shi ne wasu jikinsu ba ya jituwa da mage, su yi ta atishawa, mai asma kuma ciwonsa na iya tashi. In akwai irin wannan a gida, kada ta shiga ɗakin kwanansa. Game da ciki, cutar nan da ke sa awaki ɓari tana iya cutar da ɗan tayi. Ba sai kin rabu da magen ba: wani ya riƙa kwashe yashin, kuma kullum, don ƙwayar sai ta kwana ɗaya zuwa biyar a kashi kafin ta iya kama mutum. Ki wanke ganye da kyau, ki dafa nama ya nuna. Ki yi wa Mama bayanin a hankali, damuwarta a kan jikanta ce. In kuma batun tsarki ne, hadisin Abu Ƙatada ya zo cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu.

Ya dace a hana ta haihuwa?

A gida mai dabbobi da yawa, ina ganin ya dace. Mace na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, kuma takan haihu sau biyu ko uku a shekara. Namijin da ba a fiɗiye ba shi ne mai fesa fitsari a bango, ya kwana faɗa a kan rufi, ya dawo da rauni da cuta. Malamai da dama na wannan zamani sun halatta aikin in don kauce wa cutarwa ne. Likita ne zai yi, da allurar barci. Ba a yi wa mage irin dandaƙar bunsuru. Kuma kada a yi mata allurar tazarar haihuwa ta mata, tana jawo ruɓewar mahaifa da ƙari a nono.

Mun yi duk wannan, wata uku ke nan, abin ya ƙi.

Yakan faru. In tsohuwar na ramewa, ko karen ya ƙi sauke ido, ko maƙwabci ya fara maganar guba saboda kajinsa, a nema mata wani gida. Kada a ɗaure ta a buhu a kai kasuwa ko bayan gari. Magen da ta saba a ba ta abinci ba ta daɗewa a can. Kada kuma a kulle ta a manta, kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha. A tambayi 'yan uwa marasa kiwon tsuntsaye, ko mai shagon hatsi da ɓeraye suka dama wanda zai riƙa ciyar da ita. A gaya wa mai karɓa halinta duka, har da kamun 'yan tsakin. Ya rufe ta sati 2 zuwa 3 kafin ya fara sakinta, in ba haka ba za ta kamo hanyar gidanku. A haɗa masa da kwalinta, kwanonta da katin rigakafinta, a nuna masa ranar allura ta gaba.